Yatsan Wa Ke Kan Maɓalli? Kiɗan Na'ura a Cikin Sujadarmu

Daga Katikis, Batsari

Abin da za mu tattauna a wannan mako ƙaramin abu ne a ido, domin bai fi kan ɗan yatsa girma ba, amma saura kaɗan ya raba wata ƙaramar ikilisiya gida biyu a nan ƙasar Batsari. Muna nufin maɓallin nan da ake dannawa kiɗa ya tashi, ko a jikin fiyano, ko a waya, ko a kwamfuta.

Ga yadda abin ya faru. Ranar Lahadin godiyar kaka ce, an jera dammunan gero da buhunan wake da rogo a gaban bagade, majami'a ta cika har da baƙi. Da lokacin baiko ya yi, Zumuntar Mata suka miƙe, shugabarsu ta ɗaga murya ta ba da waƙa kamar yadda ta saba shekara da shekaru. Kafin mata su amsa, sai wani saurayi cikin matasanmu, wanda ya zo hutu daga makaranta da kwamfutarsa, ya danna maɓalli. Kiɗa ya ɓarke daga sifika, mai daɗi kuwa, tsaf kamar na kaset. Sai dai kiɗan gudu yake yi, matan kuwa tafiya suke yi. A baiti na farko suka yi ƙoƙarin binsa. A na biyu rabinsu suna gaba rabinsu suna baya. Kafin a kai na uku tsofaffi sun yi shiru, mai tulu ta ɗora hannu a bakin tulunta, sauran jama'a suka koma 'yan kallo. Aka ƙare baiko sifika kaɗai ke yabon Allah.

Bayan an tashi, shugabar mata ta tare mu a bakin ƙofa ta ce, "Malam, in dai wannan akwatin ne zai riƙa ja mana waƙa, to a sallame mu, mu zauna a benci." Ba mu yi taku goma ba sai ga saurayin, idanunsa jajur, ya ce, "Malam, kwana uku na yi ina haɗa kiɗan nan. In ba a so a nan, akwai cocin da ke so a Katsina."

Ikilisiyar da ake iya ƙirga mutanenta da ka ba ta da wanda za ta yar. Wannan ne ya sa muka zauna muka nemi sanin abin, kuma muka ga ya dace mu kawo shi wannan fili, tunda mun tabbata ba mu kaɗai ne ke fama da shi ba.

YADDA AKWATIN YA SHIGO MANA

Tsofaffinmu ba da fiyano suka fara sujada ba. Tun lokacin da mishan ɗin SIM ya karɓi aikin kula da masu cutar kuturta a Babbar Ruga, a kan hanyar nan da ta taso daga Katsina zuwa Batsari, a ƙarshen shekarun 1930, abin da masu bi na ƙasar Katsina suka riƙe shi ne Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, da littafin waƙoƙi, da muryoyinsu. Ganga ma ba da sauƙi ta shiga majami'a ba, domin a wurare da dama an yi ɗari-ɗari da ita da garaya, saboda an san su a fagen bori. Sannu a hankali mata suka shigo da tulu da kuge da gora, har ya zama yau ba wanda zai yarda Zumuntar Mata ta yi taro in bai ji gurnanin tulu ba. Mu riƙe wannan a rai, gama baƙon jiya shi ne ɗan gida yau.

Fiyano mai amfani da wuta ya yi ƙarfi a ƙasar Hausa a ƙarshen shekarun 1990, sa'ad da masu shirya finafinai a Kano suka gano cewa ƙaramin fiyanon Yamaha, samfurin PSR, yana ɗauke da sautuka masu kama da na kayan kiɗanmu na gargajiya. Mutum ɗaya a ɗaki ɗaya ya iya yin aikin ƙungiyar makaɗa sukutum. Waƙar fim ɗin Sangaya ta game gari, aka shiga zamanin kiɗan fiyano. Sutudiyo suka yawaita a Kano da Kaduna da Jos, mawaƙan bishara su ma suka bi sahu. Bayan fiyano sai kwamfuta ta zo da manhajojin haɗa kiɗa. Akwai Cubase da aka fitar a Jamus a 1989, akwai FL Studio ta ƙasar Beljiyam wadda ta fara da sunan FruityLoops, akwai kuma Ableton Live da ta fito daga birnin Balin a 2001. Yau har a cikin waya ana samun ire-irensu.

Amma mu a Batsari da Safana, ba son zamani kaɗai ya kawo mana akwatin ba, larura ma ta sa hannu. Duk wanda ke zaune a gefen dajin Rugu ya san abin da shekarun nan suka yi mana. A watan Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar a hari guda. Ƙauyuka suka watse, gonaki suka zama kufai, Musulmi da Kirista ba wanda bala'in ya ƙyale. Mai gangarmu ya kwashe iyalinsa ya koma Katsina, yaran da yake koya wa kiɗa suka bi iyayensu. A watan Satumbar 2021 kuma gwamnati ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, sai a Disamba aka fara buɗewa. A watannin nan ne matasanmu suka ƙware wajen tara kiɗa a memori, domin abin da ke cikin memori ba ruwansa da sabis. Lahadi da yawa, in ba don wannan ba, da tulu ɗaya ne zai ɗauki sujada tun daga farko har ƙarshe. Saboda haka kafin mu ga laifin saurayin nan, mu tuna cewa rami ya gani ya yi ƙoƙarin cikewa.

ABIN DA KE FARUWA IDAN AN DANNA

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Muka kira saurayin, muka ce ya zama malaminmu na yini uku, ya nuna mana cikin akwatin. Abubuwa uku muka fahimta, waɗanda ya kamata kowane fasto da katikis da dattijon ikilisiya ya sani.

Na farko, maɓalli ba ya ɗauke da sauti, saƙo yake aikawa. A farkon shekarun 1980 masu ƙera kayan kiɗa suka shirya wani harshe guda da na'urorinsu za su riƙa jin juna da shi, suka sa masa suna MIDI. Waɗanda suka ja gaba su ne Dave Smith, mutumin Amurka, da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan. A watan Janairun 1983, a wani bajekolin kayan kiɗa a Kalifoniya, aka haɗa fiyano biyu na kamfanoni dabam-dabam da igiya ɗaya, aka taɓa wannan, wancan ya amsa. Har yau da wannan harshe ake aiki. Kowane haƙorin fiyano yana da lambarsa tsakanin 0 da 127, na tsakiya shi ne 60. In ka danna shi, saƙon da ke tafiya shi ne lamba kaza aka taɓa, da ƙarfi kaza. Akwai kuma saƙon "tashi", da na "tsaya", da na "ci gaba daga inda ka tsaya". Abin ya yi kama da ƙararrawar coci: ita kira kawai take yi, abin da za a yi bayan kiran kuwa tuni an riga an tsara shi. To haka na'ura take, abin da aka zuba mata tun a gida shi za ta zubo a majami'a, ba ƙari ba ragi.

Na biyu, na'ura tana da agogo amma ba ta da kunne. Ana auna saurin kiɗa da yawan bugu a minti ɗaya. In an saita 120, to kowane rabin daƙiƙa bugu zai sauka, ko ana waƙa ko an yi shiru, ko mai ba da waƙa ta sarƙe da tari. Mai tulu ba haka take ba. Idonta yana kan bakin shugabarta. In ta ja kalma sai ta jira ta, in ta ƙara wani layi da ya zo mata a zuci nan take sai ta ba ta fili, in waƙa ta yi daɗi jama'a suka ɗau zafi sai ta ƙara wuta kaɗan-kaɗan ba tare da kowa ya lura ba. Ku duba wannan lissafi. In na'ura tana kan 100, jama'a kuma suna kan 96, bambancin ba ya jiyuwa a farko, amma bayan minti ɗaya na'ura ta wuce su da bugu huɗu, wato gaɓa guda cur ta kiɗa. Saurayinmu kuwa a ɗakinsa shi kaɗai, da jinin ƙuruciya, ya saita 120. Da muka auna yadda matan suke rera waƙar, sai muka samu kusa da 100 suke. Ke nan kowane minti ana tsere musu da bugu 20. Ina tsohuwa za ta kamo wannan?

Na uku, ƙirgar ba ɗaya ba ce. Yawancin salon kiɗan da ke zuwa a cikin fiyano huɗu-huɗu yake ƙirgawa. Da yawa daga waƙoƙin matanmu kuwa uku-uku suke rausaya, kamar lugude a bakin turmi. In aka ɗora waƙar uku a kan kiɗan huɗu, ko saurin ya yi daidai ƙafa ba za ta samu wurin sauka ba. Akwai salon uku-uku a cikin na'urar, a jikin fiyano akan rubuta masa 6/8, sai dai sai wanda ya san da shi ne zai neme shi.

DOKI DA LINZAMI

Da muka ji wannan sai muka ce, ashe dattawa suna da gaskiya, abin da ba shi da kunne me ya kawo shi cikin sujada? Sai saurayin ya yi murmushi ya ce da sauran magana. Ashe su kansu masu ƙera na'urorin sun san da wannan matsala, domin makaɗan duniya ma a gaban jama'a suke wasa, kuma sun yi wa dokin linzamai. Abin da ya faru kawai shi ne yawancin yaranmu linzami ɗaya suka sani, wato maɓallin tashi da tsayawa. A kwamfuta shi ne dogon maɓallin nan na ƙasa da ake ba da tazara da shi wajen rubutu, wanda kusan a kowace manhajar kiɗa shi ke tayarwa shi ke tsayarwa. Ga sauran linzaman.

Akwai maɓallin jira. In an danna shi fiyano ba ya cewa komai, sai ya yi shiri ya saurara, ba zai tashi ba sai hannun hagu na makaɗi ya sauka a kan haƙoran. Amfaninsa shi ne mai ba da waƙa ta fara abinta da muryarta, 'yan amshi su amsa, sa'an nan kiɗa ya shigo daidai inda ƙafa ke sauka. Wato waƙa ce ta kira kiɗa, kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni.

Akwai maɓallin ƙwanƙwasa. Maimakon a rubuta wa na'ura lamba, sai makaɗi ya saurari tulu, ya ƙwanƙwasa maɓallin sau huɗu daidai da bugunsa. Na'ura za ta auna tazarar da ke tsakanin ƙwanƙwasawar ta ɗauki wannan saurin. In jama'a sun ƙara zafi a tsakiyar waƙa, sai ya sake ƙwanƙwasawa. Wannan ɗan maɓalli shi ne kunnen aro da ake ba na'ura, kuma da shi kaɗai aka sani a ranar godiyar kaka, da rabin rigimar ba ta taso ba.

Akwai yanka kiɗa gunduwa-gunduwa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a haɗa kiɗa na minti biyar a dunƙule, a sake shi kamar kaset, baiti huɗu da amshi huɗu, in ya ƙare ya ƙare. Amma wace shugabar mata ce ta taɓa ƙirga amshi? In layin masu baiko bai ƙare ba, waƙa ba ta ƙare ba. Fiyano yana raba salo kashi-kashi: na shiga, da jikin kiɗa, da ɗan juyi na tsakani, da na rufewa. Manhaja irin su Ableton Live kuma tana ba kowace gunduwa gurbinta, ta yi ta zagayawa har sai an danna ta gaba. Ko amshi goma aka yi, kiɗa yana nan yana zagaye, sai an ba da alama sa'an nan a danna na rufewa. Bugu da ƙari, ana iya zaɓa wa kowane gurbi yadda zai yi biyayya: ko dannawa ɗaya ya tashi ya ci gaba, ko ya yi ƙara muddin yatsa na kansa ya yi shiru da an ɗaga, ko dannawar farko ta kunna ta biyu ta kashe, ko ya yi ta maimaita farkonsa muddin ana riƙe da shi. Ga aikin sujada, na farko da na uku su suka fi sauƙin riƙewa.

Akwai ɗagawa da sauke murya. Sau da yawa akan haɗa kiɗa daidai da muryar matashi, tsofaffi su yi ta miƙa wuya ba su kai ba. Maɓalli biyu ne a jikin fiyano, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, mataki-mataki har 12. Sauke mataki biyu ko uku kawai yakan dawo da rabin majami'a cikin waƙa.

Na ƙarshe, wanda ya fi ba mu mamaki, shi ne ana iya koya wa manhaja ta ɗaura kowane aiki a kan abin da hannu ko ƙafa za ta taɓa. Akwai ƙananan akwatuna masu maɓallai da abubuwan murɗawa da ake jonawa da kwamfuta, fiyano ma kansa yana yin wannan aiki. Sai ka shiga wurin koyarwa, ka nuna aikin da kake so a fuskar kwamfuta, alal misali saurin kiɗa, ka murɗa abin da kake so ya riƙe shi, shi ke nan an ɗaura aure. Daga nan in ka murɗa dama kiɗa ya ƙara sauri, in ka murɗa hagu ya lafa. Haka ake ɗaura ƙarfin sauti a kan wani, a ɗaura tashi da tsayawa a kan feda ta ƙafa. Muhimmancin wannan shi ne makaɗi ya daina sunkuyar da kai yana neman kibiya a fuskar kwamfuta. Idonsa ya samu 'yanci ya koma inda idon mai tulu yake, wato kan bakin mai ba da waƙa.

INDA AKE TUNTUƁE

Kada mu ɓoye muku, ko da linzami doki yakan yi tutsu. Wasu manhajoji an saita su ne ta yadda in ka danna gurbi ba zai tashi nan take ba, sai farkon gaɓa mai zuwa, domin kada kiɗa ya karye. A saurin 120 wannan jira yana iya kaiwa kusan daƙiƙa biyu. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka bai dannu ba, ya sake dannawa, ya kashe abin da ya kunna. Maganinsa sani da haƙuri.

Akwai kuma jinkiri tsakanin yatsa da sifika. Kwamfuta takan yanka kowace daƙiƙa ta sauti gida 44,100, ta riƙa aikawa da su ƙunshi-ƙunshi. In ƙunshin 512 ne, jinkirin kamar kashi 12 ne cikin dubu na daƙiƙa, kusan ba a ji. In aka bar shi a 2048 ya kai kashi 46, makaɗi zai ji hannunsa da kunnensa sun raba hanya. Sifikar da ake haɗawa ta Bluetooth kuwa takan ƙara nata jinkirin a kai, don haka igiya ta fi aminci. In da waya ake kiɗan, a kashe layin kira kafin a fara, kada a tsakiyar yabo majami'a duka ta ji ana neman mai waya. Batun wuta kuma ba sai mun faɗa wa mutumin karkara ba. Batir yakan mutu, janareta yakan shaƙe, hadari yakan hana sola cika.

ABIN DA LITTAFI YA NUNA MANA

Littafi Mai Tsarki bai ambaci kwamfuta ba, amma ya yi maganar tsarin waƙa a gidan Allah. A 1 Tarihi sura 15 mun ga an ɗora Kenaniya, shugaba cikin Lawiyawa, a kan sha'anin waƙa saboda gwanintarsa. A sura 25 an ƙirga horarrun mawaƙa 288. A 2 Tarihi sura 5, ranar da aka shigo da akwatin alkawari cikin Haikalin da Sulemanu ya gina, firistoci 120 ne suka busa ƙaho tare da mawaƙa, kuma abin da marubucin ya jaddada shi ne yadda sautinsu ya haɗu ya zama ɗaya. Manzo Bulus kuma a 1 Korintiyawa sura 14 ya auna kowane abu da ake yi cikin taro da ma'auni biyu, wato ko yana gina jama'a, ko kuma an yi shi bisa tsari.

Daga nan muna da magana ga ɓangarori biyu. Ga iyayenmu masu cewa a fitar da akwatin, muna roƙo ku tuna cewa ganga ma an taɓa tsayar da ita a bakin ƙofa. Kayan kiɗa ba shi da tsarki ko ƙazanta a kansa, sai abin da aka yi da shi. In muka kori abin da 'ya'yanmu suka iya, kada mu yi mamaki in sun bi shi sun fita. Ga matasa kuma masu cewa tsofaffi ba su iya bin kiɗa ba, muna cewa ku sake tunani. Majami'a ba sutudiyo ba ce. A sutudiyo mawaƙi ne ke bin agogo, domin kaset ake so ya fita tsaf. A sujada kuwa hadayar da ake kawowa ita ce muryar jama'a, har da ta tsohuwar da haƙoranta suka zube. Kiɗan da ya rufe wa jama'a baki, komai daɗinsa, ya ci amanar aikin da aka ba shi. Wanda yatsansa ke kan maɓalli, ko ya sani ko bai sani ba, shi ke riƙe da numfashin ikilisiya a wannan lokaci. Wannan hidima ce kamar karatun Littafi ko karɓar baiko, bai kamata a bar ta ga duk wanda ya riga kowa zuwa da kwamfuta ba.

SHAWARA GA IKILISIYOYI

Ga abin da muka tsayar a wurinmu, ko zai yi wa wasu amfani.

1. Majalisar dattawa ta naɗa mai riƙe da na'ura da sunansa, a yi masa addu'a a gaban jama'a, ya san a ƙarƙashin mai ba da waƙa yake.

2. Murya ce za ta fara, kiɗa ya biyo baya. Ba a tayar da na'ura kafin amshi na farko.

3. Kada a kawo kiɗan da ba a gwada shi tare da masu waƙar ba. A wurin gwaji ake auna sauri da tsayin murya, a rubuta su a bayan littafin waƙoƙi ko a adana su cikin fiyano.

4. Mai na'ura ya zauna inda zai ga fuskar mai ba da waƙa, su shirya alamun hannu na ƙara sauri, da ragewa, da rufewa.

5. In daga bencin baya ba a jin muryar jama'a sai sifika, to a rage sauti.

6. Tulu da kuge da ganga kada su bar majami'a. Ko na'ura tana aiki su ma su yi, in ta mutu su ɗauka ba tare da an tsaya ba.

7. Duk wanda ya iya, ya koya wa mutum biyu, kuma a ci gaba da koya wa yara kiɗan hannu.

YADDA MUKA ƘARE

Ranar taron mata da ya biyo baya, muka roƙi saurayin ya zo da kayansa. Bai zauna a bayan sifika ba, muka sa masa kujera kusa da mai tulu. Da farko ba wadda ta dube shi. Shugaba ta ba da waƙar nan dai ta ranar godiya, mata suka amsa, tulu ya shiga, shi kuwa ya sa yatsa yana ƙwanƙwasawa a hankali, sa'an nan ya saki kiɗan can ƙasa-ƙasa. Aka yi baiti biyu ba wanda ya tsere wa wani. A na uku shugaba ta ja wata kalma da gangan, tana kallonsa ta wutsiyar ido. Ya murɗa hagu, kiɗa ya jira ta. Da aka gama sai ta ce, "Ɗana, ashe dokin naka yana jin linzami." Ya ce, "Mama, ai ni ne ban riƙe shi ba."

Ba mu ce komai ya daidaita ba. Mata sun ce waƙoƙin jana'iza da na Jibin Ubangiji ba sa son na'ura a ciki ko kaɗan, matasa sun yi gunaguni amma sun yarda. Wasu dattawa har yanzu in an jona igiya sai sun ɗaure fuska. Saurayin ma hutu yake zuwa, in ya koma makaranta da kwamfutarsa yake tafiya, sai fiyano ya rage. Kafin ya tafi ya fara koya wa yara biyu, ɗaya cikinsu 'yar mai tulun ce, kuma ga alama ta fi shi kunne, tunda a gindin tulu ta tashi.

Gangar ɗan'uwanmu da ya yi hijira tana nan rataye a ɗakin ajiya, muna duba fatarta kada ta lalace. Muna roƙon masu karatu ku sa ƙasar Batsari da Safana cikin addu'o'inku, Allah ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, waɗanda suka watse su komo gidajensu da gonakinsu, mai ganga ya zo ya sauke gangarsa. Ubangiji ya karɓi yabon jama'arsa. Amin.